Zazzaɓin da Ba Maleriya Ba Ne: Yadda Fararen Ƙwayoyin Jinin Wata Tela a Jos Suka Ƙare, Suka Dawo

Yuni zuwa Oktoba: zufa a garin sanyi

Matar tela ce, shekararta 46, 'ya'yanta shida, tana ɗinki a cikin gida a Anguwan Rogo da ke Jos. Ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon suga, kuma in ban da haihuwa ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Da damina ta kankama sai ta fara ramewa, alhali cin abincinta ƙaruwa ya yi. Cikin wata huɗu ta sauko daga kilo 68 zuwa 59. Zuciyarta na dukan tara-tara ko tana zaune, hannunta na rawa har sai ta kira autarta ta zura mata zare a allura. Abin da ya fi ɗaure wa mutanen gidan kai shi ne zufa. A garin da ake neman abin rufa kusan duk shekara, ita ture shi take yi da dare, ta buɗe taga.

A tsakiyar Oktoba ta je babban asibiti. Gaban wuyanta ya ɗan tasa, bugun zuciya 118 a minti. Gwajin jini ya nuna ƙullutun gaban maƙogwaro, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo, likitoci kuma su ce tayirod, yana zuba sinadarinsa fiye da ƙima. Aka rubuta mata carbimazole, miligiram 40 a rana, don ya rage wa ƙullutun aiki, da propranolol don zuciya ta lafa. An duba ko tana da ƙarancin jini, ba ta da shi. Cikakkiyar ƙidayar ƙwayoyin jini dai ba a yi ba, domin gwajin tayirod ya riga ya cinye kuɗin da suka fito da shi.

Daga tagar karɓar magani, magana ɗaya ta riƙe: "Hajiya, kada ki kuskura ki daina sha, ko da kin ji sauƙi." Takardar da ke cikin kwalin da Turanci take, da ƙananan haruffa. Ita Hausa take karantawa, sai Larabcin Islamiyya. Ta ajiye kwali, ta yar da takarda.

Nuwamba: magani ya karɓe ta

Cikin mako uku ta fara samun barci. Rawar hannu ta ragu, ta koma kan keke, har ta karɓi ɗinkunan bukukuwan ƙarshen shekara. Da ta koma asibiti a ƙarshen wata, nauyinta 62, bugun zuciya 84. Aka ce ta ci gaba a haka, ta dawo bayan mako shida.

Farkon Disamba, mako na bakwai: kwana biyar ana lalube

Ta tashi wata safiya da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Hunturu ya sauka, ƙura ta rufe gari, rabin unguwa na tari da mura, saboda haka ba wanda ya damu. Ta sha shayin citta da kanumfari da zuma, ta haɗa da farasitamol. Washegari mijinta ya biya kemis aka ba shi maganin maleriya na kwana uku, ba tare da gwaji ba. Ta fara sha, zazzaɓi bai motsa ba. Duk wannan lokaci carbimazole ɗinta bai tsaya ba. Da haɗiya ta gagara, sai ta riƙa murƙushe ƙwayar a cokali tana haɗawa da koko.

A rana ta huɗu aka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi. Zafin jiki 38.9. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Sai aka yi gwajin Widal, aka ce taifot ne. Wannan gwaji ba ƙwayar taifot yake gani ba, alamar da jiki ya ajiye yake gani bayan ya taɓa karo da ita ko da 'yan uwanta, ko da an yi shekaru. A ƙasa irin tamu lafiyayyen mutum ma yakan nuna. Aka ba ta amoxicillin na haɗiya, aka yi mata allurar rage ciwo a ɗuwawu. An tambaye ta ko tana shan wani magani, ta ce na maƙoƙo. Aka rubuta a kati, aka wuce.

A rana ta biyar ko yawu ba ta iya haɗiyewa. Surukarta ta ce hakin wuya ne, ta aika a kira wanzamin gidan, dattijon da ya yi wa duk yaran gidan askin suna. Ya danne harshenta da bayan cokali, ya haska da fitilar waya, ya daɗe yana dubawa. Sai ya naɗe kayansa. "Inna, wannan ba aikin aska ba ne. Ku kai ta babban asibiti, kada ku kwana." Ba su tafi a daren ba, sai da gari ya waye. Amma ƙin da ya yi abu ne babba, domin da aska ta taɓa wannan maƙogwaro, da wuya a ce an kai ga sauran wannan bayani.

Rana ta shida: takardar gwaji

Da asuba sanyi ya riƙa kaɗa ta har gado na motsi, ta fara magana ba kan gado. A sashen gaggawa zafin jiki 39.6, bugun zuciya 132, awon jini 90 bisa 55. Da likita ta leƙa bakinta, ta ga gyambuna masu launin toka a bayan maƙogwaro da gefen harshe, gefensu a bushe, ba mugunya ko ɗigo. Kaluluwar wuya ba ta wani tashi ba. Wurin allurar nan ta ɗuwawu ya yi tauri, tsakiyarsa ya yi baƙi-baƙi, yana ciwo ƙwarai, shi ma ba mugunya. Ciwon da ya kai mutum ga wannan hali, amma wurin ciwon shiru kamar ba a yaƙi, shi ne ya tsayar da likitar.

Ta ce da mijin, "Malam, zazzage mini ledar magungunan nan duka a kan tebur." Cikin tarkacen ta ɗauki kwalin carbimazole, ta tambayi ranar da aka fara, ta ƙirga makonni, ta rubuta cikakkiyar ƙidayar jini da gaggawa.

Sakamako ya fito kafin azahar. Fararen ƙwayoyin jini gaba ɗaya 900 a kowane mikrolita, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Lafiyayyen babba yakan samu 4,000 zuwa 11,000. Daga cikin 900 ɗin, nau'in da ake kira nutrofil 60 ne kacal, limfosait wajen 760. Jajayen ƙwayoyi lafiya lau, ƙwayoyin da ke daskarar da jini 240,000, su ma daidai. An shafa jinin a gilashi an duba da madubin likita, ba a ga baƙin ƙwayoyi irin na sankarar jini ba. Gwajin ƙanjamau bai nuna komai ba. Wannan tsari ya taƙaita zargi sosai. Sankarar jini ko mutuwar ɓargo baki ɗaya sukan taɓa jajayen ƙwayoyi da masu daskarar da jini su ma. A nan layi ɗaya tak ya ɗauke, ga kuma maganin da aka san yana yin haka, a cikin makonnin da aka san yana yi.

Abin da ya ɓace daga jininta

Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ma'aikatan lafiya kan kira sojojin jiki in suna yi wa majinyaci bayani, iri biyar ake ƙirgawa a takardar gwaji, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Duka daga ɓargo suke fitowa, a jikin babba galibi ɓargon ƙashin ƙugu, na ƙirji, haƙarƙari da gadon baya. Ba su da yawa in aka gwada da jajayen ƙwayoyi, waɗanda suke miliyan huɗu zuwa biyar a ma'aunin nan guda.

Nutrofil su ne rabi zuwa kashi biyu cikin uku na fararen, kuma su ne 'yan sahun gaba. Idan bakteriya, wato wani nau'in ƙwayar cuta, ta keta fata ko laushin cikin baki, ƙwayoyin da ke gadin wurin sukan saki sinadarai. Bangon ƙananan jijiyoyin jini na kusa sai ya yi danƙo. Nutrofil da ke wucewa a guje su rage gudu, su mirgina a jikin bangon, su manne, su matsa jikinsu ta tsakanin ƙwayoyin bangon su fito waje. Daga nan su bi sinadarin nan har inda ya fi ƙarfi, su kewaye bakteriyar su haɗiye ta, su kashe ta a cikinsu da gubobi, ciki har da irin sinadarin da ke cikin ruwan bilicin wanki. Cikin awoyi ake wannan duka. Bayan sun gama su ma mutuwa suke yi a wurin, kuma tarin gawarwakinsu da na bakteriya da ruɓaɓɓen nama shi ne mugunya. Masanin nan ɗan Rasha, Ilya Mechnikov, shi ya fara fahimtar ma'anar wannan haɗiya a 1882 a garin Messina na Italiya, lokacin da ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku mai jiki garai-garai, washegari ya tarar ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar dafifi. Ya raba kyautar Nobel ta 1908 da Paul Ehrlich na Jamus, wanda ya yi amfani da rini wajen bambance nau'ukan fararen ƙwayoyin.

Limfosait aikinsu daban, kuma a hankali suke yi. Wasunsu, masu harafin B, suna ƙera sinadaran da ke gane takamaiman ƙwayar cuta su maƙale mata. Wasu, masu harafin T, suna tsara yaƙin ko su kashe ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga. Cikin waɗannan ne CD4 da ƙanjamau ke ci. Karon farko da suka haɗu da cuta sukan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin su shirya, amma ba sa mantuwa, wasu na rayuwa shekaru, kuma a kan wannan riƙo nasu allurar rigakafi ta dogara. Matar nan nata suna nan, ko da sun ɗan ragu. Rigakafin da aka yi mata tana yarinya bai goge ba. Sai dai limfosait ba sa haɗiye bakteriya. Alama suke sa mata, su bar wa wani ya zo ya cinye, kuma mai cinyewar ne babu.

Monosait kan fita daga jini su zauna a hanta, huhu, saifa da sauran sassa, su zama manyan masu haɗiya da ake kira makrofej. Su ne kan gaba wajen aika saƙon da ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki. Shi ya sa zazzaɓinta ya yi ta hawa alhali ba mugunya: masu kururuwa suna nan suna yi, masu amsawa ne suka ƙare. Sauran biyun, iyosinofil da basofil, 'yan kaɗan ne, harkarsu tsutsar ciki da borin jini.

Dalilin da ya sa abin ya zo mata farat ɗaya yana cikin tsawon ran nutrofil. Jan ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki. Nutrofil awoyi yake yi a cikin jini, in ya fita cikin nama ya ƙara kwana ɗaya ko biyu. Don cike wannan gurbi ɓargon babban mutum yana fitar da wajen biliyan 100 kowace rana, kuma kowannensu yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya nuna. Jajayen ƙwayoyi hatsi ne da ake zubawa a rumbu, nutrofil kuwa kayan gwari ne: ranar da motocin tumatir suka daina shiga kasuwar Farin Gada, ba a kwana uku tebura sun yi wayam.

Bakinmu da hanjinmu cike suke da bakteriya a kowane lokaci, kuma tauna da goge haƙori kullum suna buɗe musu 'yan ƙananan ƙofofi. Nutrofil ne ke toshe su ba tare da mun sani ba. In suka ƙare, ta nan ɓarna ke farawa. Wani likita a Balin, Werner Schultz, ya bayyana wannan ciwo a 1922 a jikin majinyatan da suka zo da mummunan gyambon maƙogwaro da zazzaɓi, jininsu ba waɗannan ƙwayoyi, suka mutu cikin kwanaki. A lokacin ba magungunan kashe bakteriya irin na yau. Carbimazole yana jawo wannan ga mutum 2 zuwa 5 cikin kowane 1,000 da ke shan sa, akasari a wata ukun farko. A wasu garkuwar jikin ce ke rikicewa ta afka wa nutrofil da 'ya'yansu na cikin ɓargo, a wasu kuma maganin ne ke yi wa ɓargon illa kai tsaye. Likitoci na ɗaukar nutrofil ƙasa da 500 a kowane mikrolita a matsayin haɗari, ƙasa da 100 kuwa haɗari na ƙarshe.

Kwana uku na farko a gado: maganin farko bai ci ba

An dakatar da carbimazole nan take. An ɗebi jini don a shuka a ga irin bakteriyar da za ta tsiro, aka sa mata ƙarin ruwa, aka fara ceftriaxone, maganin kashe bakteriya, ta jijiya, don shi ne ke hannu a lokacin. An ɗan jingine propranolol har awon jini ya dawo. An ba ta ɗaki ita kaɗai. Ba allura a tsoka, ba shiga sai an wanke hannu, abinci sai dafaffe mai zafi. Fura da nono, zoɓo da kunun da ake kawowa a gora, ganyen salak, duk aka hana.

Hana 'yan dubiya shi ya fi wuya. Dangi sun taso daga Gangare da Rikkos, wasu har daga Bauci, kuma a wajenmu ka je dubiya a ce ba shiga ba ƙaramin abu ba ne. Mijin ne ya tsaya a bakin ƙofa yana ba da haƙuri, yana karɓar gaisuwa da addu'a. Babbar 'yarta kaɗai ke jinya.

Awon jini ya daidaita cikin kwana ɗaya, hankalinta ya dawo. Zazzaɓi dai bai sauka ƙasa da 39 ba, baƙin tabon ɗuwawu kuma ya faɗaɗa daga faɗin ƙwandala zuwa kusan santimita huɗu. A rana ta uku nutrofil 40. Ranar ce sakamakon shukar jini ya fito: Pseudomonas aeruginosa, bakteriyar da ke son ruwa da danshi, wadda ba ta cika kayar da mai lafiya ba amma takan kashe wanda ba shi da nutrofil cikin ɗan lokaci. Ceftriaxone ba ya cin ta, amoxicillin ma haka. Aka sauya zuwa piperacillin da tazobactam, ta jijiya, duk awa shida.

A ranar kuma aka fara filgrastim, allurar ƙarƙashin fata, mikrogiram 300 a rana. Kwafi ne na sinadarin da jiki da kansa ke aika wa ɓargo in yana son ƙarin nutrofil, kuma tun 1991 aka amince da shi a Amurka. Yana da tsada, sai a firij ake ajiye shi, ba kowane kantin magani ke da shi ba. Ƙannenta suka yi karo-karo, aka samo shi a kula da ƙanƙara.

Kwana na huɗu zuwa na goma sha huɗu: jiran ɓargo

Kwana biyu da sauya magani zazzaɓi ya sauko 38.2, tabon ya daina faɗaɗa. A rana ta biyar nutrofil 90, abin da bai taka kara ya karya ba. Amma monosait sun tashi daga 60 zuwa 400, kuma likitar ta nuna wa 'yar wannan layi a takarda. Monosait da nutrofil tushensu ɗaya a ɓargo, monosait kuma sun fi saurin fitowa, don haka tashinsu yakan riga dawowar nutrofil da 'yan kwanaki. A daren ta fara kukan ciwon ƙugu da ƙashin ƙirji, wanda sananne ne ga masu karɓar filgrastim, ɓargo ne ke aiki.

Rana ta bakwai 380. Rana ta takwas 900. A daren nan ne hankalin gidan ya tashi. Wurin allurar da ya kwana goma a bushe ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, da safe yana lumtsewa in an danna. Kaluluwar wuya ta fito, gyambunan baki suka yi farin saiɓi. 'Yar ta tare ma'aikaciyar jinya a baranda tana hawaye: "Sista, jikin Umma ya dawo baya." Ba baya ya koma ba. Bakteriyar tana wurin tun farko, sai yanzu aka samu masu zuwa su yaƙe ta. Aka tsaga wurin, mugunya mai kauri ta fito kusan cikin ƙaramin kofin shayi, da ɗan kore-kore a jikinta. Bayan an matse, ta yi barcin da ba ta yi ba tun farkon wata.

Rana ta tara nutrofil 2,600, aka dakatar da filgrastim. Zazzaɓi bai sake dawowa ba. Ta cika kwana 14 na maganin jijiya, aka sallame ta da nauyin kilo 56, bugun zuciya 104, a kan propranolol kaɗai.

Janairu zuwa Afrilu: maƙoƙon yana nan

Ciwon asali bai je ko'ina ba, kuma ba tare da carbimazole ba ya dawo da ƙarfinsa. Wani ɗan uwa da ke harkar magani ya kawo shawarar a koma propylthiouracil, ɗaya maganin da ke wannan aiki. Likitoci suka ƙi, domin wanda ɗayan ya yi wa haka, ɗayan ma yana iya yi masa. Saura hanya biyu: shan aidin mai tururin nukiliya da ke ƙone ƙullutun, wanda cibiyoyi ƙalilan ke bayarwa a ƙasar nan, ko tiyata. Ta zaɓi tiyata a Jos kusa da 'ya'yanta. An shirya ta da propranolol da ɗigon ruwan aidin na kwana goma, aka cire ƙullutun a Fabrairu, aka ɗora ta a kan levothyroxine, mai maye gurbin sinadarin ƙullutun, ƙwaya ɗaya kowace safiya har iyakar rai.

An ci gaba da ƙirga nutrofil ɗinta: 1,500 a Janairu, 1,300 kafin tiyata, 1,600 a Afrilu. Lambar 1,300 ta so ta jawo ɗage tiyatar, tunda littattafai da yawa suna sa iyakar lafiya a 1,500. Likitan jini ya ce a yi. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyinsu, gadon da ke ba da kariya daga nau'in maleriya na vivax. Masu wannan gado nutrofil ɗin da ke yawo a jininsu yakan yi ƙasa da na Turawan da aka auna aka rubuta littattafan, ba tare da cuta ta fi kama su ba. Ga alama nan ne mazaunin jininta tun asali. Tiyata ta warke ba matsala. A Afrilu nauyinta 64, ta koma ɗinki.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Rubuta mata carbimazole ba kuskure ba ne. Shi ne maganin da ya dace, ya yi mata aiki, kuma fiye da mutum 990 cikin 1,000 za su sha shi ba su ga wannan ba. Wanda ke shan sa yana lafiya ya daina don ya karanta wannan, ya jawo wa zuciyarsa haɗarin da ya fi wanda yake gudu.

Maganin maleriya da na taifot sun faɗi ne don ba cutar da suke nema. Ba kuɗin da aka kashe a kansu ne abin baƙin ciki ba, kwanakin ne. Kowace rana cikin biyar ɗin nan ta ƙara wa ɓargonta maganin da ke danne shi, bakteriya kuma ta samu hanya daga maƙogwaro da wurin allura zuwa cikin jini. Rana ta huɗu ta zazzaɓin, a ƙaramin asibitin kuɗin nan, ita ta fi ci mini rai. An ɗebi jininta, an yi gwaji biyu, an ma rubuta cewa tana shan maganin maƙoƙo. Ƙidayar ƙwayoyin jini gwaji ne da ɗakunan gwaji da yawa a Jos ke yi a rana ɗaya, kuma ko na'ura babu, mai gwaji da ya shafa jinin a gilashi zai ga fili fetal ba nutrofil. Mun saba zazzaɓi ƙofa biyu gare shi, in ba maleriya ba taifot, har ba ma tambayar me mutum ke haɗiya kullum. Ba carbimazole kaɗai ba ne: chloramphenicol, co-trimoxazole da aka fi sani da Septrin, analgin, clozapine na masu taɓin hankali da magungunan sankara duk suna iya taɓa ɓargo.

Ceftriaxone ya faɗi don bai dace da bakteriyar ba. Ka'idar da ake bi ga mai zazzaɓi da nutrofil ƙasa da 500 ita ce a fara, cikin awa ɗaya, da maganin da ke cin Pseudomonas tun kafin sakamako ya fito, saboda irin wannan majinyaci ba shi da abin da zai riƙe masa yaƙin kafin a gyara. An yi sa'a an shuka jinin kafin allurar farko, shi ya nuna hanya. Keɓe ta a ɗaki da wanke hannu sun taimaka wajen hana sabuwar cuta, amma yawancin abin da ke kama irin waɗannan majinyata daga bakinsu da hanjinsu da fatarsu yake fitowa.

Maganin jijiya na biyu bai warkar da ita ba, riƙe ta ya yi da rai har ɓargo ya farfaɗo. Dangin sun fi yaba wa filgrastim, tunda shi suka sha wuyar nema, kuma a lamba 40 da bakteriya a cikin jini ba da shi daidai ne. Amma iyakar abin da yake yi shi ne ya gaggauta dawowar da 'yan kwanaki. Nutrofil ɗinta sun dawo kwana takwas zuwa tara bayan ƙwayar carbimazole ta ƙarshe, cikin mako ɗaya zuwa biyun da aka saba gani in an janye maganin da ya jawo. Da ta ci gaba da murƙushe shi a koko, ba allurar da za ta ciyar da ɓargon gaba. Abin da ya juya lamarin shi ne ledar da aka zazzage a kan tebur.

Da an yi ƙidaya a Oktoba, da an san mazaunin jininta, da ba a yi gardamar 1,300 ba. Amma ba lallai ta hango abin da ya faru a Disamba ba, domin faɗuwar takan zo cikin 'yan kwanaki, tsakanin gwaji da gwaji. Shi ya sa kariyar da aka dogara da ita a ko'ina ita ce majinyacin da kansa ya san alamar. Gargaɗin yana cikin takardar da ta yar, da yaren da ba ta karantawa. Umarnin da aka ba ta da baki kuma rabi ne, ta bi shi sau da ƙafa har ya kusa kai ta kabari. Ragowar rabin bai fi numfashi biyu ba, kuma da Hausa ya kamata a faɗa mata a tagar nan, mijinta na tsaye yana ji: "Hajiya, kada ki daina sha. Amma ranar da kika ji zazzaɓi, ko ciwon maƙogwaro, ko ƙuraje a baki, ki ajiye shi, ki zo a ƙirga miki jini a ranar, ki taho da kwalin."